Sauya wa Dibaga Gida: Aikin da Matasanmu Za Su Iya Yi Daga Kwali

Duk mai rubuta manhaja ya san ranar da abin da ya rubuta zai tsaya cak, ko ya riƙa ba da amsar banza, shi kuma ya rasa inda gizo ke saƙar. A ranar ne ake neman dibaga, wato manhajar da ke kama wata manhajar tana cikin gudu, ta tsayar da ita, ta buɗe maka cikinta ka bi ta layi bayan layi. A cikin waɗanda kod ɗinsu yake buɗe ga kowa, biyu ne suka fi suna. Akwai GDB, wadda Richard Stallman ya fara rubutawa a 1986, akwai kuma LLDB ta aikin LLVM, wadda masu amfani da Xcode da Android Studio ke mora, wasu ma ba tare da sun sani ba.

Sana'ata rubuta manhaja ce, kuma a nan Kwali nake zaune. Ƙannenmu da ke zuwa wurina koyon aiki, kusan duk da fahimta ɗaya suke zuwa: tunda kod a buɗe yake, ai duk inda aka kai shi zai yi aiki. Wannan fahimtar nake so mu gyara. Kowace babbar manhaja da ka ga dibaga tana aiki a kanta, wani ne ya zauna ya yi mata ɗawainiya, kuma irin wannan ɗawainiyar ba ta fi ƙarfinmu ba.

Babbar manhaja, ko Linux ce ko Windows ko FreeBSD, an gina ta ne don ta hana kowace manhaja leƙa ƙwaƙwalwar 'yar'uwarta. Ita kuwa dibaga leƙen ne sana'arta, don haka dole a buɗe mata ƙofa ta musamman. A dangin Unix sunan ƙofar ptrace, kuma tana nan tun bugu na shida na Unix a 1975. Linux da FreeBSD da NetBSD duk suna da ita, sai dai suna ne ya zo ɗaya, hali kowa da nasa. Windows tata hanyar daban ce: dibaga na zama tana jiran labarin abin da ya faru ta wani kira mai suna WaitForDebugEvent. A macOS kuwa yawancin aikin ta hanyoyin Mach ake bi.

Ku dubi yadda ake kafa shinge, wato wurin da kake so manhaja ta tsaya. A farosesar Intel ko AMD, dibaga na zuwa daidai umarnin da ka zaɓa, ta karanta bayit ɗinsa na farko ta adana, ta rubuta 0xCC a madadinsa. Da farosesa ta iso wurin, sai babbar manhaja ta dakatar da aikin, ta sanar da dibaga ta siginar SIGTRAP. Daga nan dibaga za ta mayar da manunin umarni baya da bayit ɗaya, ta mayar da ainihin bayit ɗin da ta cire, ta bar umarnin ya gudana taki ɗaya, sannan ta sake dasa 0xCC domin zagaye na gaba. Kowane mataki a nan roƙo ne ake kai wa babbar manhaja, kuma kowacce da lafazin da take amsawa.

Na ga haka da idona lokacin da na ɗauki wata ƙaramar dibaga da ke aiki a Linux kaɗai na kai ta FreeBSD, saboda wata na'urar tsaron intanet da nake kula da ita tana amfani da pfSense, wanda a kan FreeBSD aka gina shi. A Linux, tsohuwar hanyar karanta ƙwaƙwalwa bayit takwas-takwas take ɗebowa a na'ura mai bit 64. A FreeBSD akwai PT_IO, wanda ke kwaso adadin da ka nema a kira ɗaya. Manunin umarni da Linux ke kira rip, a FreeBSD r_rip ne, cikin wani jeri na daban. Taswirar ƙwaƙwalwa da Linux ke shimfiɗa maka a cikin /proc, a FreeBSD sai ka tambaya ta wata hanya, domin ba a ɗora /proc a can sai wanda ya ga dama.

Waɗannan duk masu sauƙi ne, tunda kuskurensu nan take yake fitowa. Wanda ke hana barci shi ne batun zare, wato manhaja ɗaya mai gudanar da ayyuka da yawa a lokaci guda. A Linux kowane zare sai an kama shi daban, kuma idan ɗaya ya faɗa shinge sauran na ci gaba da gudu har sai dibaga ta tsayar da su da kanta. A FreeBSD duk manhajar ce ke tsayawa gaba ɗaya, kai kuma ka tambaya da PT_LWPINFO wane zare ne ya jawo tsayuwar. Dibagar da aka gina bisa tunanin Linux za ta yi ta aika umarnin tsayawa ga zaren da ya riga ya tsaya, daga baya siginonin su dawo su rikita ta. Za ta yi aiki lafiya da safe, da yamma ta maƙale, ba ka taɓa komai ba. Maganin da na samu shi ne raba kod gida biyu: ɓangaren da ke tunani, wanda bai damu da inda yake ba, da siririn ɓangaren da ke magana da babbar manhaja, wanda shi kaɗai ake sake rubutawa.

Mu mutanen Kwali muna da misali a aljihunmu, a bayan takardar naira ashirin, inda hoton Ladi Kwali yake. Lokacin da Ladi Kwali ta shiga cibiyar tukwane ta Michael Cardew a 1954, a tsohuwar Abuja wadda yanzu ake kira Suleja, ta riƙe siffar tulun Gbagyi da zanen ƙadangare da kifi da kunama. Abin da ya sauya shi ne haɗin yumɓu da zafin wutar gashi, kuma sai da ta san halin sabuwar wutar kafin tulun ya fito lafiya. Haka dibaga take idan aka sauya mata gida.

Wani lokacin ma giɓin a cikin babbar manhajar yake. A 2017 gidauniyar NetBSD ta ɗauki nauyin Kamil Rytarowski don ya zaunar da LLDB a tsarinsu, kuma babban kason aikin ya tafi ne wajen faɗaɗa ptrace ɗin NetBSD da rubuta mata gwaje-gwaje. A 2020 gidauniyar FreeBSD ta biya kamfanin Moritz Systems ya sake gina ɓangaren LLDB nata. Wannan aiki ne da ake biyan kuɗi a kansa, kuma masu iya shi ba su da yawa.

Ƙannena, a Sheda muna da Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da cibiyar kimiyya ta SHESTCO, Jami'ar Abuja kuma ga ta nan a Gwagwalada. Ba ƙwaƙwalwa muka rasa ba. Tsohuwar laftof 'yar tokumbo ta isa. Ka ɗora FreeBSD ko NetBSD a cikin QEMU ko VirtualBox, duk kyauta ne. Kada ka fara da harhaɗa LLVM, domin yana cin awoyi da ƙwaƙwalwa mai yawa, ga wutarmu ba tabbas. Fara da rubuta 'yar dibagarka da C, wadda za ta kafa shinge ɗaya a Linux, sannan ka kai ta FreeBSD. Idan hannunka ya faɗa, ka ɗauko Delve ta harshen Go ko GDB, ka gudanar da gwaje-gwajensu, ka zaɓi guda da ya faɗi ka bi diddiginsa. Ka yi amfani da ccache, don kada ɗaukewar wuta ta mayar da kai farko.

Idan ka gyara, ka aika wa masu aikin. Gyaran da ya kwana a laftof ɗinka zai lalace da zarar an fitar da sabon bugu. Ka karanta lasisi tukuna: GDB tana ƙarƙashin GPL, LLVM kuma Apache 2.0. Masu dubawa za su dawo maka da aikinka da gyare-gyare, wataƙila fiye da sau ɗaya. Ka karɓa da hannu bibbiyu, domin karatu ne kyauta daga mutanen da suka daɗe a fagen. Shirin Google Summer of Code, da aka fara a 2005, yana ba da alawus ga masu irin wannan aiki, kuma LLVM da FreeBSD da NetBSD kan shiga cikinsa. Abin da suke fara dubawa shi ne gyaran da ka taɓa aikawa, don haka ka aika na farko tun kafin a buɗe neman gurbi.