Ƙananan Dodannin Koɗi na Ruwayen Sakkwato

Bahaushe yakan kira duk abin da ke jan ciki da ɗakinsa a baya dodon koɗi, babba ko ƙarami. Masana ilmin halittu kuwa sun rarraba su dangi-dangi, kowane iri da sunansa na Latin. Ɗalibi zai ce wannan wahalar jarrabawa ce kurum. A ƙasar Sakkwato dai zancen lafiyar jiki ne, gama a cikin waɗansu ƙanana da ba su fi ƙwayar wake girma ba tsutsar tsargiya take girma.

Dangi uku ne suka fi damunmu, kuma ba wuya a bambanta su. Ka riƙe ƙoƙon, tsininsa yana sama, bakinsa yana fuskantarka. In bakin yana hagu, Bulinus ke nan, mai ɗauke da tsutsar fitsarin jini. In yana dama, mai yiwuwa Lymnaea natalensis ne, wanda ke kawo wa shanu da tumaki tsutsar hanta. Mahauta sun san ɓarnarsa. Na ukun, wato Biomphalaria pfeifferi, ba shi da tsini sam, a naɗe yake kamar ɗan ƙaramin gammo, shi ne kuma ke ɗauke da tsargiyar hanji.

Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya fara ganin tsutsar a Alƙahira a 1851. Sai a 1915 Robert Leiper ya tabbatar a Masar cewa ba ta iya kama mutum sai ta bi ta jikin dodon koɗi. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwai ya ƙyanƙyashe, ɗan tsutsar ya shige dodon koɗi. Bayan wajen mako huɗu zuwa shida sai su riƙa fitowa da yawan gaske, su huda fatar mai wanka ko mai wanki. Ba sai an sha ruwan ba. Tsohon zancen nan cewa fitsarin jini alamar balagar yaro ce, ba shi da tushe.

To, ina kowannensu yake zaune? Nan ne abin lura. Biomphalaria ba ya jimre wa ruwa mai zafi ko mai ƙafewa, saboda haka bai yawaita a arewa mai nisa kamar Bulinus ba. Shi ya sa fitsarin jini ya fi tsargiyar hanji yawa a wajenmu. Shi kansa Bulinus iri-iri ne. Globosus da truncatus sun fi son ruwa mai daɗewa, kamar tafki da gefen gulbi mai ciyayi, truncatus kuma ya bazu har Masar da Iraƙi. Senegalensis ɗan kududdufi ne. Idan ruwa ya ƙafe sai ya shige laka, ya kwanta duk tsawon rani, da saukar damina ya farka ya yi ta haihuwa. Ashe ramin da aka haƙi ƙasar gini a bayan unguwa ya ishe shi gida. Yaron Ƙofar Taramniya ba lalle sai ya je iyo Gulbin Rima wajen Kwalkwalawa kafin ya gamu da shi ba.

Mutum ma yana sake musu wurin zama. Madatsar Bakolori da aka gama a 1978, da ta Goronyo a kan Rima, sun kawo noman rani, amma ruwan da ke kwance a magudanai shekara duka aljannar dodon koɗi ce. A Sanagal, bayan gama madatsar Diama a 1986, Biomphalaria ya yaɗu, tsargiyar hanji ta ɓarke a garin Richard Toll inda dā ba a san ta ba.

Maganin praziquantel yana kashe tsutsar a jikin mutum, amma ba ya hana sake kamuwa. Duk wanda zai ɗebo waɗannan halittu don darasin aji, ya yi da ludayi mai dogon hannu, kada ruwan ya taɓa fatarsa.