Me ya sa tsofaffin masu zanen Holan suka mai da guragu abin dariya?

Wata mai karatu ta rubuto mana cewa ta ga hotunan wasu tsofaffin zane-zane na ƙasar Holan, an zana guragu da makafi cikin tsumma, wasu na rawa, wasu na dukan juna da sanduna. Tana son ta san ko mugunta ce ta masu zanen, ko kuwa haka talakawan ƙasar suke a wancan zamani.

Madalla da wannan tambaya, 'yar'uwa. Zane-zanen na ƙarni na 17 ne, zamanin salon da Turawa ke kira Barok, wato zane mai yawan motsi da wasa da haske da duhu. A lokacin Holan ta yi arziki sosai da fataucin jiragen ruwa, har 'yan kasuwa da masu sana'a suna sayen zane su rataye a ɗakunansu. Su ne masu saye, don haka abin da ransu ke so ake zana musu.

Wanda ya fi shahara da wannan aiki shi ne Adriaen van de Venne, haifaffen garin Delft a 1589, wanda ya zauna a birnin Hague daga 1625 har ya rasu a 1662. Sau da yawa da launin toka ko ruwan ƙasa kawai yake zane. Za ki ga mutum da ƙafar katako, hula ta yage, baki a wangale, yana tsalle a kan sanda, ƙoƙon bara na lilo a ƙugunsa. A gefe kuma sai ya ɗora 'yan kalmomi na habaici, kamar inda ya kira rawar tasu sharholiyar matsiyata.

Kada ki ɗauki wannan a matsayin hoton yadda suke rayuwa. Zargi ne aka zana. Mutanen birane sun raba talakawa gida biyu: marayu da tsofaffi da matan da mazansu suka rasu, waɗanda suka cancanci taimako, sai kuma mabarata masu yawo, waɗanda ake ganin ragwaye ne masu ƙaryar naƙasa. A 1596 birnin Amsterdam ya buɗe gidan horo mai suna Rasphuis, inda ake sa mazan da aka kama su yini suna goge itace mai tauri na Brazil ya zama gari, a yi rini da shi. A 1597 aka buɗe na mata, inda suke kaɗi. Har wani ɗan littafin ba'a ya fito a 1612 yana ba da labarin guragun da suka warke da zarar sun shiga gidan Rasphuis. Wanda ya rataye irin zanen Van de Venne a bangonsa, ya samu hujjar hana sadaka ba tare da zuciyarsa ta dame shi ba.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, masu naƙasa na gaskiya ba su da wuyar gani a titunan. An yi yaƙi da Sifaniya daga 1568 zuwa 1648, sojoji sun dawo babu hannu ko ƙafa, ga cututtuka, ga haɗarin teku. Dariyar da aka shirya don maƙaryata, a kan waɗannan bayin Allah ta sauka.

Amma ba duka masu zanen ne suka bi wannan hanya ba. Rembrandt ya sassaƙa hotunan mabarata da yawa a kan farantin tagulla wajen 1630, yawancinsu babu habaici a ciki, har ya zana wani mabaraci zaune a kan tudu da fuskar da ta yi kama da tasa. A 1648 ya zana iyali a ƙofar wani gida, uwa da goyo a baya tana miƙa hannu, dattijon gidan yana sa mata kuɗi. Idan kin samu dama, ki nemi wannan ki ajiye shi kusa da na Van de Venne, ki duba fuskokin da kyau.