Ciwon Ruɓewar Fukafukin Kifi

Ya kamata Hakimai da malamansu su san wannan ciwo, domin kiwon kifi ya shiga gidaje a Unguwa Uku da Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi. Yana kama tarwada a kwarmi, yana kuma kama kifin ado na kwalba, kamar betta, wanda asalinsa daga ƙasar Tailan ne.

Alamarsa ita ce bakin wutsiya da fukafukai su yi fari ko baƙi, su yayyage kamar tsumma. Idan ruɓar ta kai ga jiki, da wuya kifin ya tashi.

Ƙwayoyin cuta ne ke kawo shi, amma ba su cin ƙarfin kifi sai ruwa ya ƙazantu da kashi da ragowar abinci, ko cunkoso ya yi yawa, ko sanyin hunturu ya raunana shi. Watau tushen ciwon ruwa ne.

Ga abin da za a sanar wa Dagatai da Masu Unguwanni:

1. A ware kifi mai ciwo.
2. A sake kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kullum. In na famfo ne, a bari ya kwana.
3. A narka gishiri, ƙaramin cokali 1 ga lita 4, kada a wuce kwana 10.
4. A rage abinci.

Lalle a gargaɗi jama'a kada su zuba kafso na mutane a ruwa. In ciwon ya ƙi, a nemi likitan dabbobi.