Yadda Ake Karanta Hatimin Filawud Kafin A Haɗa Jirgin Ruwa Da Shi

Filawud katako ne da ake haɗawa falle bisa falle da gam, jijiyar kowane falle tana gitta ta wanda ke ƙarƙashinsa. Wannan gittawar ce ke hana shi tsagewa da kumburi irin na falankin da aka zarto daga gungume. Shi ya sa masu haɗa ƙananan jiragen ruwa suka rungume shi tun da aka samu gam mai jure ruwa a shekarun 1930, domin ba shi da nauyi, yana lanƙwasuwa, kuma allo guda mai ƙafa 4 a ƙafa 8 yana rufe fili mai yawa ba tare da mahaɗa ba. Sai dai a rumbun mai sayarwa, allon da zai shekara ashirin a cikin ruwa da wanda zai ɓare a damina guda suna iya zama kamanninsu ɗaya. Abin da ke bambanta su yana ɓoye a ciki, hatimin da ke bayan allo ko gefensa kuma shi ne bayanin da masana'anta ta yi a kan abin da ke ɓoyen. Ra'ayina shi ne a ɗauki hatimi a matsayin iƙirari da ke amsa tambayoyi uku dabam-dabam, wato wane irin gam, yaya cikin allon yake, kuma wane itace ne. Da hatimi ake ƙin allo, amma ba da shi kaɗai ake karɓarsa ba.

Ka fara da gam, domin in gam ya gaza, sauran bayanin ba shi da amfani. Juya allon ka nemi haruffan da ke nuna shi. In ka ga MR, ka ajiye shi ga masu kabad da gado, wannan gam ne na yuriya da ke jure laima kawai, in ya jiƙa ya bushe sau da yawa sai fallayen su saki juna. WBP na nufin gam ɗin ya jure yanayi da tafasasshen ruwa, galibi na finol ne, shi ne ke barin layi mai duhu, ja-ja zuwa baƙi, tsakanin fallaye. Kayan Turai suna ɗauke da lamba: EN 314-2 aji na 3 shi ne gam na waje, EN 636-3 kuma allo ne da aka yi don waje, yayin da 636-1 na busasshen ɗaki ne, 636-2 na wuri mai laima. Kayan Indiya kuwa, IS 710 ko BWP shi ne na ruwa, IS 303 na aikin gida ne. A kayan Amurka masu tambarin ƙungiyar APA, akwai tarko da ke kama mutane da yawa: Exterior dabam, Exposure 1 dabam. Na farko an yi shi ya zauna a waje har abada, na biyu kuwa an yi shi ya jure ruwan sama ne na ɗan lokacin da ake gini kafin a yi rufi. Sanannen allon nan CDX yana cikin kashi na biyu, kuma harafin X da ke jikinsa ya sa wasu suna zaton na waje ne.

Haruffan da suka fi fitowa ɓaro-ɓaro a hatimi, irin su A-B, B-C ko BB/CC, bayanin fuska ne kawai. Na farko na gaban allon, na biyu na bayansa. A tsarin Amurka, A fuska ce mai sumul da aka toshe duk wani aibi nata, B tana da ƙananan kulli da faci, C da D kuma suna barin ramukan kulli a buɗe. BB/CC da ake yawan gani a kayan Asiya shi ma zancen kyan gani ne. E1 da E0 suna magana ne a kan yawan iskar fomaldihaid da allon ke fitarwa, FSC kuma a kan yadda ake kula da dajin da aka sare itacen. Dukansu suna da amfaninsu, amma babu ɗaya da ke gaya maka ko allon zai riƙe ruwa.

Tambaya ta biyu, ta cikin allo, ita ce ainihin inda filawud na jirgi ya rabu da filawud na waje, kuma nan ya kamata a daɗe. Allo na iya samun gam mai kyau ƙwarai amma fallayensa na ciki cike da gibi, ramukan kulli, da wuraren da falle ya hau kan falle. A bangon shago wannan ba komai ba ne. A jikin jirgi kuwa matsala uku yake jawowa. In ka lanƙwasa allon don ya bi siffar jirgi, wurin da ke da gibi ba ya lanƙwasuwa daidai da sauran, ko ya yi doro ko ya karye. In jirgi ya bugi dutse ko kututture a ƙarƙashin ruwa, fuskar da ba ta da abin dogaro a bayanta ita ke fara fashewa. Sannan gibin kansa hanya ce, ruwan da ya shiga ta ramin ƙusa guda zai bi ta ya yi nisa, ya kwanta inda iska ba ta kai, ruɓa ta fara daga ciki alhali fenti na waje yana nan ƙalau. Ƙa'idar Birtaniya BS 1088, wadda aka sabunta a 2003 da 2018, an yi ta ne don rufe wannan ƙofar. Ta buƙaci fallayen ciki su kusan kai na fuska inganci, ba ta yarda da gibin da ya wuce rabin milimita ba, ta kuma buƙaci fuskar ta yi kaurin kusan milimita 1 bayan an goge ta. Filawud na ruwa na Amurka, mai rubutun Marine a tambarin APA, ya fi sassauci, yana barin gibi har kashi ɗaya cikin takwas na inci, wato kimanin milimita 3, amma shi ma ya hana fallayen C da D a ciki. A Ostireliya da Niyuzilan lambar da ake nema ita ce AS/NZS 2272.

Cikakken hatimin BS 1088 ba lambar kaɗai yake ɗauka ba. Ya kamata ka ga sunan masana'anta ko alamarta, ƙasar da aka yi shi, kaurinsa, da irin itacen. In lambar ce kawai aka buga da jan tawada ba sunan kowa, ka yi shakka. Dalili kuwa shi ne babu hukumar da ke tsaye a ƙofar kowace masana'anta tana duba wanda ya cancanci buga wannan lambar, mai yin allo ne da kansa yake cewa ya cika sharuɗɗa. Saboda haka ne masu haɗa jirgi a Turai suke neman ƙarin shaida daga wani na waje, kamar takardar amincewar Lloyd's Register, kuma suke riƙe sunayen masana'antun da suka daɗe, irin su Joubert ta Faransa da Bruynzeel ta Holan.

A nan wani zai ce, to in kowa na iya buga hatimi, me ya sa zan ɓata lokaci ina karanta shi? Amsar ita ce ƙaryar hatimi hanya ɗaya take bi. Babu mai buga MR a kan allon finol mai tsada, don haka in hatimi ya faɗi abu maras daɗi, gaskiya ya faɗa, ka wuce ba tare da ka gwada shi ba. Da wannan kaɗai ka rage yawancin abin da ke kasuwa. Wanda ya yi iƙirari mai kyau shi ne za a gwada. Wannan ya shafi abin da ake kira marin bod a kasuwannin katako na Najeriya, allon nan mai baƙar ko ruwan ƙasar fata mai santsi. Sunan yana ruɗarwa. An yi shi ne don zubin kankare, a yi amfani da shi 'yan lokuta a jefar, cikinsa sau da yawa guntayen itace mai laushi ne da aka harhaɗa, fatar nan mai santsi kuma an yi ta ne don kada siminti ya manne, saboda haka gam da fenti ma ba sa kama ta sai an kankare.

Tambaya ta uku ita ce itace, kuma a nan ake yin kuskuren da ya fi tsada, domin mutane suna zaton filawud na ruwa ba ya ruɓewa. Yana ruɓewa. Galibi ba a saka masa maganin ruɓa ba, gam ɗin ne kawai ruwa ba ya ci. Okume, wanda ake sarewa a Gabon da maƙwabtanta, shi ne aka fi so a ƙananan jirage saboda rashin nauyi da sauƙin lanƙwasa, allo mai milimita 6 bai wuce kusan kilo 9 ba. Amma ba ya jure ruɓa sosai, kuma BS 1088 ta ware shi a ajin mara nauyi. Meranti na kudu maso gabashin Asiya ya fi shi nauyi da taurin kai wajen lanƙwasa, ya kuma fi shi juriya. Sapele, itacen da ya samo sunansa daga garin Sapele na Jihar Delta, inda aka taɓa samun babbar masana'antar katako da filawud, ya fi su duka nauyi da ƙarfi, ya dace da bayan jirgi inda ake ɗaura inji. Fir na Amurka yana da ƙarfi, amma fuskarsa tana tsattsagewa a ƙarƙashin fenti in ba a lulluɓe shi da faiba, wato ƙyallen zaren gilashi, ba. Zaɓin ya danganta da rayuwar jirgin: wanda ake fitarwa daga ruwa bayan kowane aiki okume ya ishe shi, wanda zai kwana a ruwa wata da watanni yana son itace mai juriya.

Bayan karatu sai dubawa da ido da hannu. Ka tsuguna ka bi gefen allon duka huɗu. Ƙirga fallaye: mai milimita 6 na kirki yana da biyar, mai 9 galibi bakwai, mai 12 galibi tara, kuma kaurinsu kusan ɗaya. In ka ga fallaye uku, na tsakiya ƙato, na fuska sirara kamar takarda, sanfefa ɗaya za ta cinye fuskar ka isa kan gam. Ka ƙwanƙwasa allon da bayan yatsa daga wannan kusurwa zuwa waccan, inda sauti ya canza ya yi holoƙo, akwai gibi ko wurin da gam bai kama ba. Siririn allo, mai milimita 4, kana iya haska masa tocila mai ƙarfi ta baya a wuri mai duhu, gibin zai fito da haske. Gefen masana'anta yakan fi ciki kyau, don haka ka sayi allo guda tukuna, ka yanka shi ta tsakiya, ka duba sabon yankan.

Daga wannan allon ka yanko 'yan guntaye kamar faɗin tafin hannu, wasu daga gefe, wasu daga tsakiya, ka yi musu gwajin tafasa. Tsarin da ake bi a ɗakin gwaji na Turai ba shi da wuyar kwaikwayo a gida: a tafasa awa 4, a busar na awa 16 zuwa 20 a zafin digiri 60, a sake tafasawa awa 4, sannan a sanyaya a ruwa. In ba ka da abin auna zafi, ka shanya a kan kwano a rana mai zafi yini guda. Ka samo tsohuwar tukunya, ka ɗora dutse don guntayen su nutse, kada ka sake dafa abinci a cikinta. Bayan an gama, ka sa bakin wuƙa ko kurfi a layin gam ka yi ƙoƙarin raba fallayen. Abin da za ka lura da shi ba rabuwar ba ce kawai, yadda ta rabu ne. In itacen ne ya yage, zare-zarensa suka maƙale a kan gam ta ɓangarorin biyu, gam ɗin ya fi itacen ƙarfi, abin da ake so ke nan. In kuwa fallayen suka saki juna sumul, ko suka buɗe da kansu tun a cikin tukunya, magana ta ƙare komai aka rubuta a bayansa. Launin layin gam alama ce kawai, domin akwai gam ɗin melamin mai haske da ke jure tafasa, kuma ba wuya a zuba wa gam mai arha launi. In gwaji ya yi kyau, ka koma ka saya daga wannan ɗaurin, kada ka yarda a cika maka da wani da aka sauke daga baya.

Saura hujja mafi ƙarfi da ake kawowa, cewa tunda za a shafe jirgin da ifoksi, wato gam mai tauri da ke hana ruwa shiga, a lulluɓe shi da faiba, ai kowane filawud na waje zai yi, ba sai an biya kuɗin na ruwa ba. Akwai gaskiya a ciki. An haɗa dubban ƙananan jirage masu shimfiɗaɗɗen ƙasa da filawud na waje mai kyau, kuma sun yi aiki, musamman waɗanda ba su da lanƙwasa sosai kuma ake ajiye su a tudu. Ga kujeru da rumfa da rabe-raben ciki ma, allon waje da ya ci gwajin tafasa ya wadatar. Amma ifoksi fata ce a waje, ba ta cike gibin da ke can cikin falle na uku, kuma fatar jirgi kullum tana haɗuwa da yashi da ƙusa da igiya. Ran da ta fashe, ingancin cikin allon ne zai nuna ko ruwan zai tsaya nan ko zai yi tafiya. In aka yi lissafi kuma, kuɗin filawud kashi ne kawai na abin da jirgi ke ci, ga ifoksi, ga faiba, ga fenti, ga inji, ga ladan kafinta, kuma duk waɗannan a kan allon suke zaune. Ga ƙasan jirgi, gefunansa da bayansa, musamman jirgin da zai ɗauki fasinja, ban ga hujjar yin tsimi ba.

Kowane allo ka zaɓa, aikin ƙarshe iri ɗaya ne. Gefen filawud ya fi fuskarsa shan ruwa nesa ba kusa ba, domin nan bakin jijiyoyin itacen yake a buɗe. Ka shafa wa kowane yanki ifoksi sau biyu ko uku har ya daina sha, kafin ka haɗa shi da wani. Ramin ƙusa ko noti ka huda shi ya ɗan fi faɗi, ka cika da ifoksi, in ya bushe ka sake hudawa daidai girman da kake so. Kafin ka yanka allunan, ka ɗauki hoton hatimin kowanne da waya ka ajiye tare da rasit, domin zarto da fenti za su share shi, kuma ran da za a yi gyara za ka buƙaci sanin irin itace da kaurin da za ka nema.