Anne Burns da Jirgin Sama Marar Inji

'Yar'uwa, kin taɓa lura da yadda shirwa take shawagi da rana tsaka ba ta ko kaɗa fiffike? Iska mai zafi da ke tasowa daga ƙasa ce take ɗauke da ita. To, da wannan dabarar ake tuƙa jirgin sama marar inji. Wani jirgin ne yake jan sa da igiya ya sake shi a sama. Daga nan sai matuƙi ya riƙa karantar gajimare, yana neman inda iskar take hawa. In ya rasa, dole ya sauka, ko da a gonar wani ce.

Anne Burns 'yar Ingila ce, an haife ta a 1915. Ta karanci injiniyanci a Jami'ar Oxford, ta yi aikin binciken jiragen sama a Farnborough. Da jiragen Comet suka tarwatse a sama a 1954, tana cikin waɗanda suka hau irinsu don gano dalili.

Amma ki duba shekarunta. Sai a 1954 ta fara tuƙa marar inji a matsayin wasa, tana dab da shekara 40, kuma da aurenta. Maigidanta Denis ma gwani ne a fagen. A 1957 ta ƙetare tekun da ya raba Ingila da Faransa a irin wannan jirgi. A 1966 ta doke maza, ta lashe gasar ƙasarsu.

A 1977 tsuntsu ya daki jirginta. Ta diro da laima ta maƙale a bishiya, ta haura 60 fa! Daga nan ta ajiye tuƙi ta koma kamun kifi. Ta rasu a 2001.