Darasi: Idan Bluetooth Ya Ƙi Kamawa

Bluetooth hanya ce ta haɗa na'ura da na'ura ba tare da igiya ba. Kamfanin Ericsson na ƙasar Suwidin ne ya fara aikinsa a 1994. Da shi ake tura hoto daga wayar hannu zuwa kwamfuta, ko a saurari karatu ta lasifika.

Wani lokaci sai ya ƙi kamawa. Mutum ya biya kuɗin mota zuwa birni wurin mai gyara, alhali babu abin da ya lalace.

Da farko a duba ko an kunna shi a na'urorin duka biyu. In alamar jirgin sama tana kunne, a kashe ta, domin takan rufe shi. A matso da su kusa. Yawanci ba ya wuce mita 10, kuma katanga mai kauri tana rage masa ƙarfi.

Abin da ya fi rikita mutane shi ne, lasifika tana tuna na'urar da ta saba da ita. In wayar yaron gida tana kusa, ita za ta kama, ta ƙyale kwamfuta. Sai a kashe Bluetooth na wayar. In har yanzu shiru, a goge sunan lasifikar daga kwamfuta, a danne maɓallin haɗawa har fitilarta ta riƙa ƙyaftawa, sannan a sake nemanta.

Wasu tsofaffin kwamfutocin tebur ba su da Bluetooth sam. Su sai an sayo musu ɗan abin da ake cusawa a kafar USB.