Baba Ya Ɗaure Gadon Rangadi, Ya Ce Sai Ya Zaga Dangi

Wannan wasiƙar ta 2021 ta fito ne daga Achilafiya, a ƙaramar hukumar 'Yankwashi ta masarautar Kazaure. Wata matar aure ce ta rubuto, ta kuma roƙi a sakaya sunanta. Ga abin da ta ce:

"Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, damuwata a kan mahaifina ce. Baba malamin dabbobi ne, ya yi wa gwamnati aiki shekara 35, tun Jigawa tana cikin jihar Kano, ya ajiye aiki a ƙarshen 2019. Da garatutinsa ya fito sai ya sayi 'yar mota, ya ajiye kuɗin kujerar Makka nasa da na Inna, ya ce abin da ya rage masa a duniya zumunci ne. Sai ga korona. Makka dai ba a je ba. Cikin azumin bara yayansa ya rasu a Kano, hanya a rufe, har aka share makoki bai taka gidan ba. Abin nan yana cin sa har yau.

"Yanzu ya ce ya gaji da zama. Ya zaro tsohon gadonsa na rangadi, irin mai naɗewa, da gidan sauro da risho da buta da fitila, wai shi da Inna za su zaga dangi kafin azumi. Roni da Gwiwa wurin ƙannensa, Babura wurin yayata, Daura, Kano gidan marigayi, Kaduna wurin ƙanena, in hali ya yi har Magarya a Nijar wurin dangin Inna. Tafiyar wata guda cur. Da na yi masa maganar cuta, sai ya yi dariya ya ce ai ba ɗakin kowa zai kwana ba, duk inda dare ya yi masa zai kafa gadonsa a waje, kamar lokacin da suke bin rugage suna yi wa shanu allura. Shekarunsa 61, yana da ciwon suga, Inna kuma hawan jini. Akwai ma wani bikin aure a Kano a tsakiyar tafiyar. Maigidana ya ce in ɓoye makullin motar. Yayata ta ce in ƙyale shi, zumunci a ƙafa yake. Ni kuma ina jin nauyinsa, ba na iya yi masa musu. Don Allah yaya zan yi?"

Amsa

Wa alaikumus salam. Maganar ɓoye makulli a ajiye ta tun daga nan. Dattijon da ya yi shekara 35 yana ratsa jigawa da fadama a kan babur ba makulli ne zai tsare shi ba. Abin da zai faru shi ne ya ji an raina shi, ya fita bakin titi ya hau motar haya, a cusa shi tsakanin mutum huɗu a kujerar baya, gilashi a rufe saboda ƙura. An gudu ke nan ba a tsira ba.

Tsoron mai wasiƙar kuwa yana kan hanya, kuma mutumin ƙasar Kazaure ba ya buƙatar a ba shi labarin abin da ya faru a 2020. A farkon Afrilun 2020 wani likita ya rasu a Daura, aka tabbatar korona ce, aka kulle garin. Kano ta samu mutum na farko ranar 11 ga Afrilu, kafin wata ya ƙare Shugaba Buhari ya ba da umarnin kulle ta ɗungurungum. Ita kanta Kazaure gwamnatin Jigawa ta Badaru ta kulle ta a cikin watan. Achilafiya ta wayi gari a tsakiya, gaba kulle, baya kulle. Haramcin tafiya daga jiha zuwa jiha bai tashi ba sai 1 ga Yuli.

A cikin makonnin nan ne masu haƙa kabari a Kano suka fara ƙorafin gawa ta yi musu yawa. A watan Yuni ministan lafiya na lokacin, Dakta Osagie Ehanire, ya bayyana abin da bincike ya gano: mutum 979 suka rasu a ƙananan hukumomi takwas na birni da kewaye, kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari ana alaƙanta mutuwarsu da korona, kuma akasarinsu sun haura shekara 65, da yawa da wani ciwon a jiki tun da. Malam, mahaifin mai wasiƙar, bai kai 65 ba, amma suga da hawan jini su ne manyan ƙofofin da cutar take shigowa ta cikinsu ta yi ɓarna. Guguwa ta biyu da ta taso a Disambar 2020 da Janairun 2021 ta lafa a lokacin, lafawa dai, ba ƙarewa ba.

To amma ga inda filin nan zai ba mai wasiƙar mamaki. A duk shirin Malam, gadon rangadin nan shi ne abin da ya fi hankali.

Korona cuta ce ta numfashi. Mai ɗauke da ita yana fesar da ita idan ya yi tari, ko magana, ko dariya, sau da yawa tun kafin shi kansa ya ji alamar ciwo, don takan ɗauki kwana biyar ko shida, wani lokaci har mako biyu, kafin ta bayyana. A fili iska tana kwashe ta ta watsar. A ɗaki rufaffe kuwa taruwa take yi, kamar hayaƙin maganin sauro, kowa na ciki ya shaƙa. Baƙon da aka karrama aka sa shi ɗaki ɗaya da samarin gida, ko aka kai Inna ɗakin uwargida suka kwana su shida da jikoki, ya fi wanda ya kwana a tsakar gida ƙarƙashin gidan sauro shiga haɗari nesa ba kusa ba. Wannan ma ba sabon ilimi ba ne a ƙasar Hausa. Kowace bazara ma'aikatan lafiya suna jan kunne a daina cunkoso a ɗaki saboda sanƙarau, kuma da zafin Maris da Afrilu ya kankama rabin gari a waje yake kwana. Ba wanda zai ga baƙon abu don Malam ya ce shi a ƙarƙashin rumfa zai kwana.

A Amurka ma haka tsofaffinsu masu ritaya suka yi a 2020. Suna da wasu motoci masu gado da madafa da banɗaki a ciki, kasuwar motocin ta buɗe sosai cikin annobar, domin mutum ya je ƙofar gidan ɗansa ya ga jikoki a fili, dare ya yi ya koma motarsa. Malam bai san su ba, dabara ce ta zo ɗaya.

Sai dai kalmar nan ta "duk inda dare ya yi" ita ce ba za ta saɓu ba, kuma ba don korona ba. Dajin da Malam ya sani a 1984 ba shi ne na yau ba. A Disambar 2020 aka kwashe ɗaruruwan ɗalibai a Ƙanƙara, a Fabrairun 2021 aka yi na Kagara da na Jangebe. Jigawa Allah Ya rufa mata asiri, amma tsoho da tsohuwa da mota a gefen hanya da tsakar dare kiran ɓarawo ne ko a ina. Gadon a kafa shi cikin katangar gidan dangi, a tashi da hantsi, a isa masauki kafin la'asar sakaliya. A share wurin saboda kunama, a kuma samo wa maganin suga wuri mai sanyi, don zafin cikin mota yana lalata wasu magungunan, musamman na allura.

Haɗarin tafiyar nan na gaske yana cikin abubuwan da ba wanda yake ganin su haɗari ne. Dattijo ya sauka a gari bayan shekara guda ba a gan shi ba, kafin ya sha ruwa zaure ya cika. Kowa sai ya ba shi hannu biyu, wani ya rungume shi, a kawo ƙwarya ɗaya ta fura ludayi ɗaya yana zagayawa. Mata kuma su ja Inna ƙuryar ɗaki a sake labule. A gidan marigayi abin zai fi haka, don zuwan ƙanin mamaci sabon zaman makoki ne. Wannan gaisuwar ba za a hana shi ba, ita ce ma ƙashin bayan tafiyar, kuma duk wanda ya taɓa rasa jana'izar ɗan'uwa ya san ba ta da madadi a waya. Amma a yi ta a ƙofar gida, a kan tabarma, da takunkumi a fuska, hannu a ƙirji maimakon musabaha. Ya ziyarci kabari, ya ga iyali, ya juyo a ranar in zai yiwu, tun da Kano ba nisa.

Bikin kuwa a yafe shi. A watan Agustan 2020 an yi wani biki a wani ƙaramin gari na jihar Maine a Amurka, mutum 55 kacal suka halarta. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta bi sawu ta ƙirga mutum 177 da suka kamu ta dalilinsa, bakwai suka mutu, kuma a cikin bakwai ɗin ba wanda ya je bikin. Kawo musu aka yi har inda suke. In wannan ne sakamakon mutum 55, sai a kwatanta da yinin biki a cikin birnin Kano. In ya zama dole a ga fuskar Malam, ɗaurin aure a filin masallaci ya wadatar, ya tsaya daga gefe, a shafa fatiha ya wuce. Inna ta aika gudummawarta.

Wannan misali yana tuna wani abin da mai wasiƙar ba ta ambata ba. Ba iyayenta kaɗai ake ji wa tsoro ba. Mai zaga gida bakwai a wata guda shi kansa yana iya zama ɗan aiken cuta, ya ɗauko daga Kaduna ya sauke wa wata gwaggo mai shekara 80 a Gwiwa. Saboda haka a juya tsarin: a fara da ƙauyuka da gidajen da tsofaffi suke, Roni da Gwiwa da Babura, waɗanda duk ana zuwa a dawo ba tare da an jigata ba, birni ya zo a ƙarshe. Bayan Kano a dawo Achilafiya a zauna mako biyu ana lura da jiki. Zazzaɓi, tari, sarƙewar numfashi, ko a daina jin ƙamshi da ɗanɗano, duk wanda ya bayyana asibiti za a nufa, ba kantin magani ba. Kaduna kuwa ɗa ne a can, ƙafarsa ta fi ta uba ƙwari, shi ya zo. Magarya a bar ta sai gaba. Gaskiya ne an buɗe iyakar Maigatari ranar 16 ga Disambar 2020 tare da na Illela da Seme da Mfum, amma wannan ɓangaren Najeriya ne, ita ma Nijar a lokacin nata iyakokin a rufe suke tun Maris ɗin 2020 saboda annobar, kuma bin ɓarauniyar hanya bai dace da furfura ba.

Saura allura. Ranar 2 ga Maris na 2021 jirgi ya sauke kusan miliyan huɗu na riga-kafin AstraZeneca a Abuja, aka fara da ma'aikatan lafiya, Shugaba Buhari ma an yi masa a bainar jama'a. A tsarin da hukumar lafiya a matakin farko ta fitar a lokacin, 'yan shekara 50 zuwa sama su ne rukuni na gaba, masu ciwo irin na Malam da Inna a sahun gaba. A lokacin ana yin ta sau biyu da tazarar makonni, kuma jiki yana buƙatar mako biyu zuwa uku bayan ta farko kafin ya fara samun kariya. Masu ɗari-ɗari da ita suna da dalilinsu na tarihi, ba a manta gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano a 1996 ba. Amma allurar shan-inna da aka ƙaurace wa a 2003 ita ce dai ta sa a Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da cutar. Da filin nan ne mai yanke hukunci, da an ɗage dogon zangon zuwa bayan ƙaramar Salla, a yi na kusa yanzu.

Ta yaya za a faɗa wa Baba duk wannan ba tare da an ɗaga masa murya ba? Mai wasiƙar tana da makamin da ba ta lura da shi ba, wato sana'arsa. Malam ya shiga aiki ne a daidai lokacin da bushiya ta gama yi wa shanun Arewa kisan kiyashi a 1983. Ya san yadda ake tsare garke a hana shi shiga kasuwa, ya san saniya mai kyan gani takan shigo da ciwo cikin ruga, ya sha zama a gaban arɗo yana lallashi a bari a yi allura. Da irin wannan aikin nasu aka kai ga ayyana ƙarewar bushiya a duniya a 2011. Kada ta je masa da wa'azi. Ta zauna bayan sallar isha'i ta tambaye shi, a matsayinsa na malamin dabbobi, in ciwon huhu yana yawo a gari, me zai ce wa makiyayin da yake son ya zaga mashaya bakwai da tsofaffin shanunsa biyu. Amsar tana bakinsa, kuma dattijo ya fi riƙe shawarar da ta fito daga bakinsa.

In nauyin ya hana ta, ta bi ta wurin Inna, ko wani amininsa da suka yi aiki tare, ko limamin unguwa, wanda zai tuna masa cewa Sayyidina Umar da kansa ya juyo da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta sauka can. Yayar da ke Babura kuma, tun da ita ce mai cewa a ƙyale shi, sai a ɗora mata aiki: ta share tsakar gida, ta kafa rumfa, ta tanadi ruwa da sabulu a bakin zaure, ta kuma gaya wa maƙwabta tun kafin motar ta iso cewa bana gaisuwar Malam daga nesa ce.